SHARHI: Tsutsar rake da ƙwayar ƙasa: Tambayar mallaka da muhawarar GMO ta tsallake a Najeriya

A watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi gwamnatin tarayya ta dakatar da shigo da sababbin irin shukar da aka sauya wa ƙwayoyin gado, waɗanda aka fi sani da GMO, har sai kwamitinta ya kammala bincike. Tun daga lokacin zancen ya ƙi kwanciya. Ana yin sa a rediyo da Facebook da majalisun unguwa, kuma kusan kullum a kan tambaya guda yake juyawa: shin waken SAMPEA 20-T da masarar TELA suna cutar da mai ci ko ba sa cutarwa?

Tambaya ce ta halas, kuma wajibi ne Hukumar Kula da Amincin Fasahar Halittu ta Ƙasa, wato NBMA, ta riƙa amsa ta da hujja. Sai dai akwai wata tambayar da ba kasafai ake jin ta ba, alhali ita ce ke yanke wa manoma da masana'antu hukunci a ƙasashen da suka riga Najeriya shiga wannan fage: wane ne ya mallaki fasahar, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga? Sana'ar sukari ta fi kowace sana'a nuna nauyin wannan tambaya, domin a cikinta ne ƙwaro da ƙwayar halitta da takardar mallakar ƙirƙira suka haɗu wuri ɗaya.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da ake sha a Najeriya ɗanyensa ake shigowa da shi, mafi yawa daga Brazil, a tace shi a matatun Legas da Fatakwal. Don haka labarin sukarin da ke teburin mai shayi a Sabon Gari ko Tudun Wada, a gonakin jihar Sao Paulo yake farawa.

Yadda tsutsa ke satar zaƙin rake

Babbar abokiyar gabar manomin rake a Brazil wata tsutsa ce da masana ke kira Diatraea saccharalis. Tana huda karan rake ta yi rami a ciki. Abin da take ci da bakinta kaɗan ne idan aka kwatanta da ɓarnar da ke biyo baya, domin ramin da ta buɗe ƙofa ce ga fumfuna, wadda ke shiga ta mayar da cikin karan ja ya ruɓe. Duk wanda ya taɓa fere rake ya tarar da jan ɓargo mai ɗanɗanon tsami ya ga aikin irin wannan fumfuna.

Abin da ke faruwa a cikin karan shi ne mabuɗin fahimtar sauran labarin. Sukarin da masana'anta ke nema sunansa sukuros, kuma shi ne ke daskarewa ya zama ƙwayoyin da ake aunawa a mudu. Fumfuna tana fitar da wani sinadari daga jinsin da ake kira enzayim, wato furotin da halittu ke amfani da shi wajen narka abu ko sauya shi zuwa wani abu, kamar yadda yawun mutum ke mayar da tuwo zaƙi-zaƙi idan an daɗe ana tauna shi. Enzayim ɗin fumfunar yana raba sukuros gida biyu, gulukos da furuktos. Zaƙin bai gushe ba, amma ba zai daskare a tukunyar masana'anta ba, don haka sai ya bi baƙin ruwan da ake warewa gefe. Lokacin da aka amince da maganin wannan matsala a 2017, an ƙiyasta asarar da tsutsar ke jawo wa Brazil da kimanin riyal biliyan 5 na kuɗin ƙasar a shekara.

Maganin shi ne wani irin rake mai suna CTC20BT, wanda hukumar kula da amincin fasahar halittu ta Brazil ta amince da shi a watan Yunin 2017. An dasa masa ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ke sa raken ya samar da furotin Cry1Ab mai kashe tsutsar idan ta ci. Wannan furotin ɗin dai shi ne ke cikin waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019 don yaƙar tsutsar Maruka. Filin da aka shuka wannan rake a Brazil ƙarami ne idan aka auna shi da miliyoyin hektocin raken ƙasar, kuma hukumomin abinci na Amurka da Kanada sun duba sukarin da aka tace daga gare shi suka ce bai bambanta da sauran sukari ba, tunda tacewa tana raba sukuros da furotin.

Inda hankali ya kamata ya tsaya shi ne kan mai raken. Kamfanin CTC ya samo asali ne a 1969 a garin Piracicaba, a matsayin sashen bincike na Copersucar, ƙungiyar masu masana'antun sukari na Brazil. Yau manyan kamfanonin sukarin ƙasar ne ke riƙe da hannayen jarinsa, tare da bankin raya ƙasa na gwamnati. Manomin da ya shuka irin CTC yana biyan kuɗin mallaka a kan kowace hekta, kuma kuɗin a cikin Brazil yake zagayawa.

Ƙwayar da ta girgiza kasuwar duniya

Wanda yake ganin zancen enzayim ƙaramin zance ne na ɗakin gwaji, ya dubi abin da ya faru da kasuwar sukari tsakanin 1967 da 1987.

A 1957 wasu masana biyu a Amurka, Richard Marshall da Earl Kooi, suka nuna cewa akwai enzayim a jikin bakteriya da ke iya juya gulukos ya koma furuktos, wanda ya fi shi zaƙi nesa ba kusa ba. Hanyar tasu ba ta dace da masana'anta ba. A shekarun 1960 wani masani a cibiyar binciken gwamnatin Japan, Yoshiyuki Takasaki, ya samo irin wannan enzayim mai jure zafi daga Streptomyces, jinsin ƙwayoyin da ke ba ƙasa ƙamshinta bayan ruwan farko. Kamfanin Clinton Corn Processing da ke jihar Iowa ya sayi lasisi, ya fara sayar da maɗin masara mai furuktos a 1967.

Lissafin mai sauƙi ne. Masara cike take da sitaci, sitaci kuwa sarƙa ce ta gulukos. Enzayim na farko, wanda ake samu daga bakteriyar Bacillus, yana tsinka sarƙar gunduwa-gunduwa. Na biyu, daga fumfunar Aspergillus niger, yana warware gunduwoyin su koma gulukos zalla. Na Takasaki ya ƙarasa aikin, ya ba da zaƙin da ya yi daidai da na rake. Amurka, wadda ke da masara fiye da buƙatarta, ta samu hanyar yin sukari ba tare da rake ba.

Farashin sukari ya yi tashin gwauron zabo a 1974, kamfanonin lemo suka fara neman madadi. A 1982 gwamnatin Amurka ta ƙayyade yawan sukarin da za a shigo da shi don kare manomanta, abin da ya sa sukari ya yi tsada a cikin gida, maɗin masara ya ƙara samun gindin zama. A ƙarshen 1984 Coca-Cola da Pepsi suka amince a riƙa zaƙaƙa lemonsu a Amurka da maɗin masara kaɗai. Sukarin da Amurka ke saye daga waje, wanda ya kai wajen tan miliyan 5 a ƙarshen shekarun 1970, ya faɗo zuwa kusan tan miliyan 1 a 1987.

Masu noman rake a Jamhuriyar Dominika da Filifins ne suka ji a jikinsu. A tsibirin Negros na Filifins, inda rayuwa ta dogara kacokan da rake, an yi yunwa a tsakiyar shekarun 1980, yara suka mutu saboda tamowa. Maɗin masara ba shi kaɗai ya jawo wannan ba. Faɗuwar farashi a kasuwar duniya da babakeren da makusantan Shugaba Marcos suka yi wa cinikin sukari suna da nasu kaso mai girma. Amma rufewar kasuwar Amurka tana cikin lissafin, kuma masu saran rake na Negros ba su taɓa jin sunan Streptomyces ba.

Ƙaramin abin ban dariya shi ne, a Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da sanarwar cewa Coca-Cola za ta koma amfani da sukarin rake a Amurka, kamfanin kuma ya fito ya ce wani nau'i ne kawai zai ƙara a kasuwa. Siyasa na iya sa a sauya kwalba guda, amma masana'antun sarrafa masara da aka gina cikin shekaru 40 suna nan inda suke.

Ƙwayoyin gadon ƙwari sun shiga kasuwa

Fasahar Bt, wadda ake ta cacar baki a kanta a Najeriya, ta tsufa. Tun 1996 ake noman masara da auduga masu ɗauke da ita. Sabon salon da ya biyo baya yana amfani da ƙwayoyin gadon ƙwaron kansa a matsayin makami.

Tushensa binciken Andrew Fire da Craig Mello ne, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2006. Sun nuna cewa idan aka shigar da wani guntun sinadarin RNA da ya yi daidai da wata ƙwayar gado a jikin halitta, jikin zai toshe aikin wannan ƙwayar gado da kansa. A 2017 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da masarar SmartStax PRO, wadda ke samar da guntun RNA da aka kwafo daga ƙwayar gadon ƙwaron da ke cin saiwar masara. Ƙwaron ya ci, wata ƙwayar gado da rayuwarsa ta dogara da ita ta daina aiki, ya mutu. A Disambar 2023 hukumar ta yi wa maganin feshi na farko irin wannan rajista, Calantha, na kamfanin GreenLight Biosciences, don ƙwaron da ke cinye ganyen dankalin turawa. A nan ba a taɓa shukar ba sam, RNA ɗin ake fesawa a ganye, kuma da enzayim na ƙwayoyin halitta ake haɗa shi a masana'anta. Kamfanin Oxitec na Ingila kuwa ƙwaron kansa ya sauya wa ƙwayoyin gado, ta yadda 'ya'yansa mata ba za su rayu ba, kuma a 2021 Brazil ta amince a saki irin wannan malam-buɗe-littafi na tsutsar masara mai suna Spodoptera frugiperda. Tsutsar nan ita ce aka fara gani a Afirka a farkon 2016, kuma kudu maso yammacin Najeriya na cikin wuraren farko da aka tabbatar da ita.

Ma'anar wannan ita ce jerin haruffan ƙwayar gadon ƙwaro ya zama kadara. Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofa a 1980, a shari'ar Chakrabarty, da ta ce ana iya mallakar bakteriyar da mutum ya sauya. A 2013, a shari'ar Myriad, ta ja layi cewa ƙwayar gado kamar yadda Allah ya halicce ta ba ta mallakuwa, amma kwafin da aka haɗa a ɗakin gwaji yana mallakuwa. Kamfanoni ba su da buƙatar mallakar tsutsa. Ya ishe su su mallaki guntun da aka haɗa don kashe ta da hanyar haɗa shi, na tsawon shekaru 20.

Abin da Afirka ta bayar

Nahiyar ta daɗe tana cikin wannan ciniki, amma a matsayin wurin ɗebo samfuri. Ganyen da ake naɗe alale da shi a kudancin Najeriya na wata shuka ce, katemfe, wadda 'ya'yanta ke ɗauke da furotin mai suna taumatin, da ya fi sukari zaƙi wajen sau 2,000. Kamfanin Tate & Lyle na Ingila ya fara sayar da shi a shekarun 1970 da sunan Talin, kuma a farkon shekarun 1980 masanan Unilever suka kwafe ƙwayar gadonsa suka dasa a jikin bakteriya. Wani furotin mai zaƙi, birazin, daga wani ɗan itace yake da mutanen Gabon da Kamaru suka daɗe da sani. Masana a Jami'ar Wisconsin suka ware shi a shekarun 1990, jami'ar ta karɓi takardun mallaka a kansa. Yau kamfanoni a Amurka suna dafa shi a tankunan yis, ba su buƙatar ko ƙwara ɗaya daga dajin Gabon. A Kenya, hukumar kula da namun daji ta fito a 2004 tana neman haƙƙi daga kamfanin Genencor kan enzayim da aka samo daga ƙwayoyin tabkunan kanwa na ƙasar, waɗanda aka yi amfani da su a sabulun wanki da kuma koɗe wandon jins. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce duk mai son ɗaukar samfurin halitta daga wata ƙasa sai ya nemi izini, ya kuma raba riba. Amma kimiyya ta riga doka gudu, domin yanzu ba sai an ɗauki ganye ko ƙwaro a jaka ba. Ana sauke jerin haruffan daga rumbun intanet kyauta. Don toshe wannan kafa aka kafa Asusun Cali a taron Kolombiya na Nuwamban 2024, inda aka buƙaci manyan kamfanoni su riƙa ba da kashi 1 cikin 100 na ribarsu ko kashi 0.1 cikin 100 na cinikinsu, rabin kuɗin kuma ya tafi ga al'ummomin asali. Biyan na ganin dama ne, kuma Amurka, gidan da yawa daga cikin kamfanonin, ba ta cikin babbar yarjejeniyar da asusun ya rataya a kanta. Yarjejeniyar da hukumar WIPO ta cimma a Mayun 2024, wadda ta wajabta wa mai neman takardar mallaka ya faɗi inda ya samo halittar da ya yi aiki da ita, ba ta shafi takardun da aka riga aka bayar ba.

Shirin sukari mai ƙasa da kwastan

A 2012 gwamnatin tarayya ta amince da Babban Shirin Sukari na Ƙasa, da burin samar da kimanin tan miliyan 1.7 a gida cikin shekaru goma. Dabarar ita ce a bai wa Dangote da BUA da Flour Mills izinin shigo da ɗanyen sukari a kan harajin kwastan mai rangwame, su kuma su zuba jari a gonakin rake: Numan a Adamawa, Tunga a Nasarawa, Lafiagi a Kwara, Sunti a Neja. Shekaru goman sun cika, abin da ake samarwa a gida bai kai kashi 10 cikin 100 na buƙata ba, aka ƙara wa shirin wasu shekaru goma. Babban abin da jama'a ke tunawa a tsakani shi ne rikicin 2021 tsakanin Dangote da BUA kan matatar Fatakwal, wanda sai da aka zaunar da attajiran biyu na Kano aka sasanta.

Duk muhawarar shirin a kan fili take, da ban ruwa, da hanya, da kason shigo da kaya. Waɗannan matsaloli ne na gaske, kuma rikicin filaye da al'ummomin da ke kewaye da gonakin ya isa ya tsayar da aiki. Amma ko da an warware su gobe, masana'antar da za ta tashi za ta dogara da abubuwan da ba ta mallaka ba. Masu yin mazarƙwaila a Maƙarfi sun san cewa raken da aka sara aka bari ya kwana biyu yana tsami, ruwansa ya yi yauƙi, ya ƙi daskarewa yadda ake so. Wata bakteriya ce mai suna Leuconostoc ke mayar da sukuros wani abu mai danƙo da ake kira destiran, wanda a babbar masana'anta yake toshe matatai ya rage sukarin da ake samu. Maganinsa wani enzayim ne da ake samu daga fumfuna, kuma a ganga ake sayo shi da dala. Kasuwar enzayim ta duniya a hannun kamfanoni ƙalilan take. Novozymes na Denmark, wanda ya haɗe da Chr. Hansen a Janairun 2024 suka zama Novonesis, shi kaɗai yana riƙe da kusan rabinta.

Najeriya ta taɓa ganin irin wannan. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt da giya suka koma kan dawa da masara, manoman Arewa suka samu sabuwar kasuwa. Sai dai dawa ba ta da isasshen enzayim na kanta da zai narka sitacinta kamar sha'ir, don haka aka cike giɓin da enzayim na waje. Haka batun rogo yake. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, da kimanin tan miliyan 60 a shekara, kuma sitacinsa yana iya bin hanyar da masarar Iowa ta bi ya zama maɗi. Masana'antun da ke yin haka a kudu maso yamma suna sayen rogo a naira, amma sinadarin da ke juya shi farashinsa yana bin canjin dala.

Dokar da ya kamata ta tsare wannan fage ita ce Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta 1970, wadda aka rubuta kafin a taɓa dasa ƙwayar gado daga wata halitta zuwa wata. Ta hana mallakar nau'in shuka ko dabba, amma ta halatta mallakar hanyoyin sarrafa ƙananan ƙwayoyin halitta da abin da suka samar, wato daidai inda kuɗin yake a yau. Magatakardan ofishin rajista ba ya binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce. Takardu kawai yake dubawa, ya bayar, wanda bai yarda ba ya tafi kotu. Dokar ba ta tambayar mai nema inda ya samo ƙwayar da ya yi aiki da ita. A 2021 an sa hannu kan dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar irin shuka, amma ta 1970 tana nan yadda take. Majalisar da ke da ikon gyara wannan doka ta fi sha'awar kiran a dakatar da wake. An bar jaki ana dukan taiki.

Shi kansa waken SAMPEA 20-T ya kamata a dube shi ta wannan fuska. Masanan Samaru sun yi aikin gwaji da tace iri na shekaru, manomi yana iya ajiye irin ya sake shukawa, kuma ba ya biyan kuɗin mallaka. Amma ƙwayar gadon ta kamfanin Monsanto ce, wanda yanzu ya koma hannun Bayer, an bayar da ita kyauta ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi, kuma a cibiyar CSIRO ta Ostireliya aka dasa ta a jikin waken. Kyauta ce mai amfani, an kuma yi ta ne a kan amfanin gonar da ba shi da wata babbar kasuwa a Turai ko Amurka. Rake kasuwa ce ta biliyoyin daloli, kuma CTC a kan kowace hekta yake karɓar kuɗi.

Ba duka ƙofofin ne a rufe ba. Takardun mallakar enzayim ɗin Takasaki da na narka sitaci sun ƙare shekaru da dama da suka wuce, kuma bayanin yadda ake yin su yana buɗe ga duk mai karatu. Abin da ake buƙata shi ne tankunan renon ƙwayoyin halitta, da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar aiki, da masanan da za a biya su zauna. Cibiyoyin ma akwai su a takarda: Cibiyar Binciken Hatsi ta Badeggi tana da alhakin binciken rake, akwai cibiyar sukari a Ilorin, akwai hukumar bunƙasa fasahar halittu a Abuja. Kuɗi ma akwai inda zai fito, tunda ana karɓar haraji na musamman a kan sukarin da ake shigowa da shi, kuma kamfanoni uku sun shafe fiye da shekaru goma suna morar rangwamen kwastan. Kwamitin majalisa na iya neman Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa ta bayyana nawa daga wannan haraji ya shiga binciken iri da enzayim tun 2013, ya kuma nemi hukumar NOTAP, wadda ke rajistar yarjejeniyoyin sayen fasaha daga waje, ta faɗi nawa masana'antun abinci ke fitarwa kan lasisi kowace shekara. Zango na biyu na shirin sukarin zai ƙare a 2033, kuma a kowace shekara kafin nan sai gwamnati ta sa hannu kan kason ɗanyen sukarin da kowane kamfani zai shigo da shi.